"Ɗan ƙwaya" suna ne ko zagi? Cacar baki a zauren likitocin ƙwaƙwalwa masu neman ƙwarewa

Autan Sashe: Assalamu alaikum. Yau dai raina a ɓace yake, bari in amayar ko na ji sanyi. Daren jiya ni ke aikin kwana. Wajen ƙarfe biyu aka kawo wani yaro direban a-daidaita-sahu, bai fi shekara sha tara ba, yana jijjiga, ya datse harshensa, gaban rigarsa duk jini da kumfa. Yayansa ya laluba aljihun wandon yaron ya zaro katin tiramol mai miligiram 225, saura ƙwaya uku a jiki. Na yi masa allurar diyazafam, jijjigar ta lafa, na ja kujera na zauna ina ƙirga numfashinsa har aka kira assalatu. Da safe wajen zagayen duba majinyata Cif, wato babban likitan da ke horar da mu, bai tambaye ni ko ɗaya daga cikin wannan ba. Sai cewa ya yi in lissafo masa sharuɗɗa 11 na gane lalurar shaye-shaye da ke cikin DSM-5, littafin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa. Na kawo takwas na kakare. A gaban ɗalibai da nas-nas ya ce in koma aji. Wata goma sha huɗu ke nan ina horo, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya nuna mana yadda ake yaye mutum daga tiramol, alhali gadajenmu 'yan ƙwaya ne suka cika su. Hadda ake koya mana, ba jinya ba. Wanda ya ce ba haka ba ne ya fito.

Babbar Yaya: Wa'alaikassalam. Sannu da ƙoƙari Auta. Amma kafin komai ka goge "'yan ƙwaya". Likitan ƙwaƙwalwa ba ya kiran majinyacinsa da wannan suna.

Ɗan Gari: Yaya, to me zai ce? Uwar yaron ma in ta zo haka za ta ce. Ki gwada gaya wa tsohuwa daga ƙauye cewa ɗanta yana da "lalurar amfani da sinadarai", wallahi za ta ɗauka takin zamani kike nufi.

Babbar Yaya: Uwa tana da uzuri, kai ba ka da shi. Kalmar 'yan sintiri ce da 'yan sanda. Ba a banza ba ne DSM-5 tun 2013 ta haɗe tsofaffin rukunai biyun nan, na shan da ke cutarwa da na kamuwa, suka zama lalura ɗaya mai matakai: sharaɗi 2 ko 3 mai sauƙi, 4 ko 5 matsakaiciya, 6 zuwa sama mai tsanani, duk a cikin wata 12. Har sharaɗin shiga hannun hukuma suka cire, suka sa tsananin ƙawar abin a madadinsa. Wato an raba aikinmu da na ofishin 'yan sanda. Wanda ka kira ɗan ƙwaya a gaban mutane, ba za ka sake ganin ƙeyarsa a kilinik ba.

Ɗan Gari: Ina hujjar cewa ba ya dawowa? Nawa suna dawowa.

Sista Mai Dare: Suna dawowa a ɗaure a bayan mota, Dakta. Mu ke karɓarsu.

Ɗan Gari: Sista, da likitoci nake magana.

Sista Mai Dare: Au, haka ne? To gobe in mai yayewa ya fara amai da zawo ƙarfe uku na dare, hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, yana kukan ƙasusuwansa za su karye, sai ka kira likita ya canza masa zanin gado. Kuma ni abin da na tsana da kalmar nan daban ne. Da an ce ɗan ƙwaya sai ku hango saurayi mai askin banza a bakin tasha. Matar auren da ke zuba kodin a robar lemo ta ajiye a bayan kwabet fa? Mai sikila da allurar kashe ciwo ta fentazosin ta mayar da cinyoyinsa kamar itace, gyambo nan gyambo can, fa? Wasu ma farin kaya ne a jikinsu irin namu. Duk ba ku tambayarsu, don ba su yi kama da sunan ba.

Babbar Yaya: Allah ya yi miki albarka. Binciken da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya ce a duk mutum huɗu masu shan kayan maye, ɗaya mace ce.

Ɗan Gari: Nima na karanta ai. Mutum miliyan 14.3 ke shan kayan maye, kuma miliyan 10.6 wiwi suke sha. Masu tiramol da danginsa miliyan 4.6.

Ɗan Jarrabawa: To ka kashe kanka da bakinka. In mafi yawansu hayaƙi suke zuƙa, ina ƙwayar take? Mai sholisho fa, shi ma ɗan ƙwaya ne? Mai zaƙami fa?

Ɗan Gari: Bahaushe ya san abin da yake nufi. Ai ko "shayi" ba ganyen shayi kaɗai ba ne.

Ɗan Jarrabawa: Ni abin da ya fi ɗaure min kai shi ne Cif da ke titsiye yaro a kan DSM. Littafin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ne. Mu ICD, kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, muke rubutawa a fayil. ICD-11 ta fara aiki tun Janairun 2022, kuma ta sauƙaƙa: alamu uku, biyu sun isa a ce mutum ya kamu. Ya kasa riƙe kansa, abin ya danne sauran al'amuran rayuwarsa, sai kuma jiki ya saba har yana neman ƙari ko yana ciwo in an daina. Ta kuma ware wanda shan ya cutar da shi amma bai kai ga kamuwa ba. Auta da ka ce wa Cif haka da ka wuce wurin.

Babbar Yaya: Ka gwada zuwa jarrabawar baki da ICD kaɗai ka gani.

Ɗan Jarrabawa: Ta wace kwaleji? Ku 'yan ta Afirka ta Yamma kullum gani kuke kun fi mu 'yan ta ƙasa.

Babbar Yaya: Ni ban ce ba. Amma tunda ka tsargu.

Autan Sashe: Jama'a don Allah, tambayata a kan yaye mutum daga tiramol ce.

Mai Harhaɗa Magani: Tunda an zo kan suna, ni ma ina da nawa. Kullum cewa ake mu muke sayar musu. Kemis na lungu daban, mu daban. Mai 225 ɗin nan ba ta cikin abin da NAFDAC ta amince da shi, 50 da 100 ne, sauran ta ɓarauniyar hanya ake shigo da su. Kuma ku duba takardunku. Ekzol, maganin sandarewar jiki, kuke rubutawa kamar gyaɗa ga duk wanda kuka ɗora a kan maganin taɓin hankali na haloferidol, ko jikinsa ya sandare ko bai sandare ba, wata da watanni. Kun san inda wani kason yake ƙarewa? Majalisar matasa a bakin layi.

Ɗan Gari: Kodin ɗin da aka yi ta kwankwaɗa kafin 2018 mu muka rubuta shi? Sai da BBC ta fito da rahotonta a kan shan kodin sannan gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayu. Ta hannun wa yake fita a lokacin?

Mai Harhaɗa Magani: Ta hannun ɓatagari, kamar yadda kowace sana'a take da nata. Kar ka sa in buɗe baki a kan masu sa hannu a takardar fentazosin.

Shiru-Shiru: Auta, bari in taɓa tambayarka kaɗan. Tiramol fuska biyu gare shi. Yana aiki irin na dangin mofin, sannan yana hana jijiyoyi sake zuƙe sinadaran ƙwaƙwalwa na serotonin da noradirinalin, kamar wasu magungunan ciwon damuwa. Shi ya sa yake kawo jijjiga, musamman in an haura miligiram 400 a rana, ka ga mai 225 guda biyu ma sun wuce. Naloksan, maganin da ke karya aikin dangin mofin, zai taimaki numfashi in ya yi ƙasa, amma ba shi ke tsayar da jijjiga ba, don haka abin da ka yi daidai ne. Wajen yayewa kuma ban da amai da zawo da ciwon jiki, wasu sukan yi firgita mai tsanani, ruɗewa, har gane-gane, kar ka yi saurin cewa taɓin hankalin nan ne na sikizofireniya. Ka kuma tambaye shi ko yana haɗawa da roci ko diyazafam, don yanke waɗannan farat ɗaya ya fi haɗari, a hankali ake rage su. Haka giya: rawar jiki daga awa 6 zuwa 24, mummunar ruɗewar nan kuma wajen kwana biyu zuwa uku, tana kisa. Ka ba da tayamin, wato bitamin B1, kafin ruwan sukari ko tare da shi. Ranar sallama ka gaya masa da yayansa cewa jikinsa ya manta da yawan da ya saba, in ya koma ya sha irin na da yana iya tafiya.

Ustaz: Giya kuma? Nan ba Legas ba ce, Malam.

Sista Mai Dare: Ustaz, burkutun da ake dafawa aljanu ke shanyewa? Ba ka tambaya ne shi ya sa ba ka gani. Mai rawani ma na taɓa jinya, kwana uku bayan an kwantar da shi don karaya ya fara ganin kunamu a bango.

Ustaz: A'uzubillahi. Ni dai damuwata da maganar Yaya ita ce, in muka ce cuta ce kamar hawan jini, mun ɗauke wa mutum alhakin aikinsa. Ba wanda ya ɗura masa. Haramun ne, ya sani, ya sha. In sunan ya yi masa zafi wataƙila ya tuba.

Babbar Yaya: Da irin wannan tunanin aka cika gidajen mari. Ka manta gidan marin Rigasa a Kaduna a 2019, da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan maza da yara, wasu da sarƙa a ƙafa?

Ustaz: Kar ki yi wa malamai kuɗin goro. Iyaye suna kai 'ya'yansu can ne saboda gado ba ya samuwa a wurinku, in ya samu kuma kuɗin ya fi ƙarfinsu. Kuma naku da kuke sallama, nawa ne ba sa komawa ruwa?

Ɗan Jarrabawa: Mai ciwon suga ma yana karya doka ya koma ruwa, ba a ɗaure shi a turu.

Ustaz: Mai suga bai saci tukunyar uwarsa ya sayar ba.

Ɗan Gari: Nan kam Ustaz ya yi magana.

Babbar Yaya: To ya isa haka, dare ya yi, gobe akwai kilinik. Ga abin da aka cim ma. An yi ittifaƙi cewa "ɗan ƙwaya" zagi ne, daga yau an haramta shi a zauren nan, za a riƙa cewa "majinyaci mai lalurar shaye-shaye". An kuma gamsu cewa DSM-5 ce madogara, kowa ya haddace sharuɗɗan 11 kafin Litinin, Auta kai za ka fara. Masu kare kalmar ba su kawo hujja ko ɗaya ba. Maganar ekzol za a duba ta wani lokaci. Ƙorafin cewa ba a koyarwa kuwa, ina ga gajiyar aikin kwana ce.

Ɗan Jarrabawa: Yaushe aka gamsu da DSM? Ina nan fa.

Ɗan Gari: Ittifaƙin mutum ɗaya.

Autan Sashe: Shiru-Shiru, na biyo ka ta bayan fage, ka duba saƙonka.

Sista Mai Dare: Auta, in ka gama ka leƙo ɗaki. Yaronka ya ƙi cin abinci, zufa yake ta yi, yayansa kuma ya ce a sallame su yau, wai mai keken zai ba wani makulli.