Wai malaman kimiyyar siyasa ba su yarda ana ƙulla makirci ba ne?

Ɗan Aji Biyu:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah waɗanda suka karanta kimiyyar siyasa ku warware min wannan. An ba mu asaimen kan juyin mulki a Afirka ta Yamma, ni kuma na rubuta cewa duk daga waje ake shirya su, sojojinmu 'yan aike ne kawai. Lakcaran ya zagaye wurin da jan biro ya rubuta "ina hujja?" ya danƙara min 4 cikin 10. To su malaman nan tsoro suke ji ko kuwa da gaske ba su yarda ba? Domin ni dai abin da na rubuta kowa a majalisarmu ya san haka ne.

Yaya Babba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sun yarda mana, ai har koyar da shi ake yi. A 1953 Amurka da Ingila suka kifar da Mossadegh, firaministan Iran, bayan ya ƙwace man fetur daga hannun kamfanin Ingila, kuma a 2013 CIA da kanta ta saki takardun da ta amsa hannunta a ciki. Lumumba, firaministan farko na Kongo wadda Beljiyam ta yi wa mulkin mallaka, an kashe shi a Janairun 1961, majalisar Beljiyam ta yi bincike a 2001, gwamnatinsu ta nemi afuwa a 2002. Da waɗannan ka kawo da shekara da takarda wallahi ba zai sa maka jan biro ba.

Inda ka zame shi ne da ka haɗa su duka ka yi musu kuɗin goro. Ɗauki na Gowon a Yulin 1975, yana Kampala wajen taron ƙasashen Afirka yaransa suka hamɓarar da shi, Joe Garba shugaban masu gadinsa ne ma ya yi sanarwar a rediyo, kuma dalilan a fili suke, ya ɗage alkawarin miƙa mulki na 1976, gwamnoninsa sun yi ƙaurin suna, hafsoshi na ganin an mayar da su saniyar ware. Wane Bature kake buƙata a nan? Masanin falsafa Karl Popper ya daɗe da cewa masu ƙulle-ƙulle suna nan amma da wuya abu ya fita yadda suka tsara, yawancin abin da ke faruwa a al'umma ba wanda ya nufe shi. Sannan ka tambayi kanka, wace shaida ce idan na gani zan janye maganata? In amsar babu ce, in ma rashin shaidar kake cewa shi ne alamar sun iya ɓoyewa, to ba bincike kake ba.

Na Damagaram:
Ni fa ina ɗan tare da yaron nan. Sau da yawa kalmar hujja sanda ce ta rufe bakin talaka, takardun suna hannun waɗanda ake zargi, sai bayan shekara 60 su buɗe in kowa ya mutu. Mu a Nijar har gobe ana gardamar juyin mulkin Kunce na Afrilun 1974, shugaban ƙasa Diori yana neman Faransa ta ƙara kuɗin yuraniyom sai ga sojoji, sojan Faransa na zaune a Yamai ba su motsa ba. Ko da yake gaskiya akwai fari da yunwa da zargin karkatar da tallafi a lokacin, kuma Kuncen ne ya sallami sojan Faransar bayan ya hau, to ka ga abin ba ya tafiya layi ɗaya.

Maman Sultan:
Ina mastas a fannin. Abin da ban ga an faɗa ba, masana da yawa yanzu sun fi damuwa da me ke sa mutane su yarda. Masanin tarihi Hofstadter a 1964 ya kalli abin kamar wani salon tsoro da zargi a siyasar Amurka, na bayansa suka ce a'a ya cika raina mutane. Masanan siyasa Uscinski da Parent sun bi wasiƙun masu karatu sama da dubu 100 na jaridar New York Times daga 1890 zuwa 2010, suka ga ɓangaren da ya rasa mulki shi ya fi zargin mai riƙe da shi, in an yi canji zargin ma ya juya. Ku tuna Jubril na Sudan da aka ce an maye gurbin Buhari da shi, har sai da Buhari ya fito a Folan a 2018 ya ce shi ne dai ba wani ba.

Na Damagaram ka ɗauki Kano. A 1996 lokacin sanƙarau an gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a gwajin da ya shafi yara wajen 200, 11 suka rasu, a 2009 aka yi sulhun dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wannan ya faru. Sai 2003 aka ce rigakafin foliyo na hana haihuwa, aka dakatar har Yulin 2004, wannan kuma ba a tabbatar ba, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe yara suka shanye. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, mai bincike zai fahimci tsoron nan ya rubuta asalinsa amma ba zai sa hannu kan zargin na biyu ba.

Ɗan Aji Biyu:
Na gode Yaya, na gode Anti. To in na zo furojet zan iya ɗaukar hannun Faransa a juyin mulkin Sahel ko sufabaiza zai yi watsi da shi?

Yaya Babba:
Ya yi faɗi da yawa, ƙasa ɗaya juyin mulki ɗaya. Wanda aka yi wa Sankara na Burkina Faso a 1987 zai yi maka sauƙi tunda an yi shari'a a Wagadugu, a 2022 aka yanke wa Compaoré, wanda ya hau mulki bayansa, ɗaurin rai da rai ba ya nan, akwai bayanan shaidu da za ka bi ka ware abin da kotu ta tabbatar da abin da har yanzu zargi ne. Sai dai yawancinsu da Faransanci suke, ka nemi ɗan Nijar a hostel ɗinku tun yanzu.