Neman shawara: Tsakuwar bututun matsarmamar Mama ta ƙi fitowa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ce, shekarunta 68. Wata biyu da suka wuce idonta ya yi ɗorawa, ga ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama. Hoto ya nuna tsakuwa mai faɗin milimita 18 ta toshe bututun da ke kai ruwan matsarmama cikin hanji. An yi mata ERCP, aikin nan da ake zura bututu mai kyamara ta baki, amma tsakuwar ta ƙi fitowa, sai aka sa mata ɗan bututun roba. Yanzu da ta ji sauƙi ta ce a ƙyale ta haka. Yayanmu kuwa ya dage a yi tiyata a huta. Ni na rasa na kamawa.

Wani likitan ciki: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ba wani sabon abu ba ne. A aikin farko ana ɗan tsaga bakin bututun ne, a jawo tsakuwar da balan-balan ko ɗan kwandon waya. Kusan tara cikin goma a haka suke fita. Da zarar ta haura milimita 15 takan yi gardama, musamman idan ƙasan bututun ya tsuke.

Amma da sauran dabaru kafin a kai ga wuƙa. Ana iya buɗa bakin da babban balan-balan, mai milimita 12 zuwa 20, gwargwadon faɗin bututun nata. In ba ta biyo ba, a kama ta da kwando mai ƙarfi a murƙushe. In kuma ta cije har kwando ya kasa rungumarta, sai a shigar da siririyar kyamara cikin bututun kansa, irin su SpyGlass, likita na kallonta yana farfasa ta da lesa ko tartsatsin lantarki, sannan a kwashe ɓarɓashin. Ki tambaye su kai tsaye: wanne suke da kayansa? In babu, su tura ku inda ake yi. Tiyata na nan idan waɗannan suka gaza.

Wata 'yar uwa: Don Allah kar ku biye wa Mama. Mu ma haka Babanmu ya ce ya warke, muka manta da robar kusan shekara, sai da ta toshe muka kwasa da shi cikin dare yana rawar ɗari.

Likitan ya dawo: Gaskiyarta. Robar hanya kawai ta buɗa wa ruwa, tsakuwar na nan daram. Ana cire ta ko a sauya cikin wata 3 zuwa 6. Wani lokaci ma gogar da take yi wa tsakuwar kan rage ta, aiki na biyu ya zo da sauƙi. Kafin nan, in kun ga zazzaɓi, ko idon ya sake yin ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu, a tafi asibiti a ranar. Idan tana shan maganin tsinka jini, a gaya musu tun kafin a sa rana.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, likita. To ita matsarmamar fa, barinta za a yi?

Likita: In akwai tsakuwa a cikinta kuma jikin Mama zai ɗauka, gara a cire ta bayan an share bututun, don daga can wasu ke gangarowa. Yawanci ta 'yan ƙananan huji ake yi, ba a buɗe ciki.