Wanda ya yi taɓin hankali zai zauna a kwamitin asibiti?

Kawu: Jama'a, wannan magana ta ƙi shiga kaina. Wai a sa wanda ya kwanta asibitin ƙwaƙwalwa cikin masu tsara aikin asibitin. Likita ya ƙare ƙuruciyarsa a karatu, sannan a ba shi kujera ɗaya da wanda yake dubawa?

Yaya Babba: Kawu, ka gafarce ni. Shekara shida ina jinyar ƙanina. Ni na ga yadda wani magani ke sa hannunsa karkarwa, yawu na zuba, kofin shayi ma ya gagare shi. Sau uku ina faɗa, ba wanda ya rubuta. Mu fito tun asuba, a gan mu bayan azahar, minti biyar a sallame mu. Da an tambaye mu, da mun ce a raba ranakun ganin likita.

Kawu: Ke mai jinya ce, na yarda da ke. Shi mara lafiyar fa?

Sista: Abin ba sabo ba ne, Kawu. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan uwansa mai kula da shi, da rana su je asibiti. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 kuwa, ita ta kawar da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Malam: Ni tsorona daban ne. Kada a ce dangi sun isa su yi magana a madadin mara lafiya. Mutum sama da 300 da 'yan sanda suka kuɓutar a gidan mari na Rigasa a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, ai da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu.

Auta: Kawu, ni na kwanta, wata biyu. Yau ina shan magani, ina ɗinkina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a tsaya a kaina ana tambayar mahaifiyata ko na yi barci, alhali ga ni zaune.

Kawu: Allah ya ƙara lafiya, Auta. Wallahi ban sani ba. To idan ciwon ya tashi ranar taro fa?

Auta: Sai in aika uzuri, kamar yadda mai hawan jini zai aika.

Kawu: A kan abinci da layi da wulakanci, a ji ta bakinku. Zaɓen magani dai har yanzu ina ganin na likita ne.

Yaya Babba: Ya zaɓa, Kawu. Amma ya rubuta karkarwar.