Wa ya tuna kulob ɗin ƙwallon unguwarmu na Wunti a Bauchi?

Tsohon Gola: Assalamu alaikum. Yara suna ta tambayata yadda kulob ɗinmu ya watse. Duk wanda ya taka leda da mu ya kawo abin da ya sani. Ni dai na san da karo-karo muka fara, duk Juma'a kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, Baba Koci ne ma'aji, Allah ya jiƙansa.

Lamba Biyar: Amin, Yaya. Jesinmu na farko gwanjo ne, launinsu ma bai zo ɗaya ba, da fenti muka rubuta lambobi. Ni ne mai jan layi. Ana gobe wasa sai in bi gidaje ina roƙon toka, in ɗura a gwangwanin da na huda da ƙusa, in zagaye filin a duƙe. In iskar hunturu ta taso, kafin hutun rabin lokaci layin ya ɓace, sai gardama ta kaure a kan fenariti.

Ɗan Benci: Kun manta 1998? Da Wikki Tourists ta Bauchi ta doke Plateau United a bugun fenariti ta ɗauko Kofin Ƙalubale, wajen atisayenmu cika ya yi maƙil, har da waɗanda ba su da takalmi. A 1999 kuma aka kawo wasannin gasar matasa ta duniya filin Abubakar Tafawa Ɓalewa, muka dawo kowa na jin saura ƙiris ya tafi Turai. Ni a ganina gidan kallo ne ya kashe mu. Asabar da yamma ka zo fili, rabin 'yan wasa suna can suna ihun Arsenal.

Lamba Biyar: Ga acaɓa kuma. Mai iyali ba zai ajiye mashin da la'asar ba, lokacin ne ake samun fasinja.

Tsohon Gola: Ɗan Benci, ban yarda ba, ƙanina. Ai muna kallon muna kuma atisayen asuba. Fili ne matsalar. Wata safiya muka tarar an sauke bulo da yashi daidai inda nake tsayawa, an yanka wurin fuloti-fuloti. Muka koma filin makaranta, sai an tashi ake barinmu, ga wasu kulob na jiran layi. Daga atisayen kullum muka koma na Lahadi, da Baba Koci ya kwanta rashin lafiya kuwa ba wanda ya ƙara kiran taro.