Jumelage: tagwaitaka ko ƙawance?

1/ Masu fassara da ma'aikatan lafiya na Maraɗi, ku matso. Kalmar da muke nema wa Hausa yau ita ce jumelage ta Faransanci, wadda masu Ingilishi ke kira twinning. Ba irin wanda ake sa wa hannu tsakanin gari da gari a ɗauki hoto ba. Na likitocin sankarar yara nake nufi: jami'a ko babban asibiti ya ƙulla da wani asibiti guda, shekara da shekaru, ana horar da ma'aikata, ana duba maras lafiya tare, ana bincike tare.

2/ Abin ba sabo ba ne. A 1986 likitocin yara na Monza a Italiya suka ƙulla da asibitin La Mascota na Managua a Nikaraguwa. A 1993 asibitin St. Jude na Amurka ya yi haka da El Salbado. A Recife ta Birazil, bayan irin wannan ƙulli, yaran da ke tsira daga sankarar jini sun tashi daga 32 cikin 100 zuwa 63. A Kenya akwai ƙulli tsakanin jami'ar Indiana ta Amurka da jami'ar Moi ta Eldoret. Mu nan wadda ta fi kusa da mu ita ce GFAOP, ƙungiyar likitocin sankarar yara ta Faransa da Afirka, da Farfesa Jean Lemerle ya kafa a 2000, mai rassa a asibitocin Afirka masu aiki da Faransanci, har da Yamai.

3/ Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce yara kusan 400,000 ke kamuwa da sankara kowace shekara. A ƙasashe masu hali sama da 80 cikin 100 na warkewa, a irin namu ba su kai 30 ba. Burinta tun 2018 shi ne a kai 60 kafin 2030.

4/ Da yawanku za su ce "haɗin gwiwa", a wuce wurin. Kalma ce mai kyau, amma ta yi faɗi. Furojen wata shida da ya raba gidan sauro ya naɗe tabarmarsa, shi ma haɗin gwiwa ake ce masa. A bar ta ga partenariat.

5/ Wani malamin jami'a ya kawo "tagwaitaka", tun da jumeaux tagwaye ne. Malam, ginin kalmar bai da aibu, tana kuma da daɗi a baki. Sai dai Hassan da Husaini ciki ɗaya suka kwanta, rana ɗaya suka zo. Asibitin da ke da injin ƙona ƙari da wanda sai ya aika ɗan yankin nama labo mai nisa ya yi ta jiran sakamako, ina tagwaitakar? In muka faɗe ta a rediyo, mai sauraro zai ɗauka an gina asibiti biyu iri ɗaya.

6/ "Goyo" da "ubangida" ma an ambata. Waɗannan na ƙi su ƙiri-ƙiri, don sun mai da ɓangare guda mai miƙa hannu kawai, alhali tarihin cutar bai ce haka ba. Sankarar da ke kumbura muƙamuƙin yaro cikin ƴan makonni, haƙora su yi ta girgiɗi, iyaye su ɗauka ciwon haƙori ne, a Yuganda Denis Burkitt ya bayyana ta a 1958. Daga naman yaran Afirka aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, kuma a nan aka ga alaƙar wannan sankarar da zazzaɓin cizon sauro. Ilimin daga wajenmu ya tafi. Har gobe, yadda za a rage ƙarfin magani ga yaron da tamowa ta riga ta ci, ba a Faris za a koye shi ba.

7/ Ni dai "ƙawance" na zaɓa. Ku dubi yadda matan Maraɗi ke riƙonsa: ƙawa ba kowa ba ce, an san ta da suna, an ƙulla da ita a gaban mutane. Ɗaya na iya fin ɗaya hali nesa ba kusa ba, amma in ta kai miki buki ranar suna, bashi ne, kina sane, sai kin mayar. Abin da jumelage ke nufi ke nan: tsakanin biyu ne sanannu, yana daɗewa, kuma kowa na bin kowa. Su kawo magani da horo da mai karanta nama a madubin labo. Mu kawo rajistar maras lafiya, da bibiyar yaron da aka gudu da shi gida tsakiyar magani don damina ta kama ko kuɗin mota zuwa Yamai, sama da kilomita 600, sun ƙare. In aka buga sakamakon bincike, sunan likitanmu da na ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ya cika takardun ya fito a sama, ba cikin godiyar ƙarshe ba.

8/ Wani yayanmu ya ce kalmar mata ce. Yaya, ai kullum rediyo na cewa ƙawancen jam'iyyu da ƙawancen ƙasashen Sahel, ba wanda ya ɗaura zane. Wata majo kuma ta ce ƙawancen ƴan siyasa ba ya kai baɗi. Hajiya, wannan gaskiya ce, shi ya sa ba za mu bar ta tsirara ba: "ƙawancen asibiti" za a ce, ko "ƙawancen asibiti da jami'a" in da bincike a ciki.

9/ Ga gwaji, ku faɗa da ƙarfi ku ji: "An ƙulla ƙawancen asibiti don jinyar sankarar yara." "Ƙawar asibitinmu ta aiko da sakamakon naman." "Ƙawancen ya shekara goma." Ta zauna a duka ukun. Ku gwada "tagwaitakar ta aiko" ku ji yadda take tuntuɓe.

10/ Kun lura sankara nake ta cewa, ba ciwon daji ba. Da gangan ne. Uwar da ta ga farin ɗigo na ƙyalli a tsakiyar idon jaririnta da dare, in aka ce mata daji ne, wurin mai maganin iska za ta fara nufa, kuma sankarar ido ba ta jira. Wanda ke da ja a kan wannan ya kawo hujjarsa a ƙasa.