Yarona mai jifa ne a ƙungiya biyu, gwiwar hannunsa ta fara ciwo

Wani uba, daga Bronx

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana shekararsa 12, shi ne mai jifa, wato mai jefa ƙwallo ga mai bugu da sanda, a ƙungiyar besbol ta unguwarmu. Ni ƙwallon ƙafa na tashi na sani, wannan wasan a bakin fili na koye shi saboda shi. Bana wani koci ya gan shi, ya nemi ya shigo ƙungiyarsu mai yawon gasa a ƙarshen mako, na amince da murna. Shekaranjiya muna cin abincin dare na ga yana kai loma da hagu. Na yi masa faɗa, sai ya sunkuyar da kai ya nuna mini gwiwar hannunsa na dama ta ciki, daidai ƙashin nan mai ɗan tudu. Wai kwana goma ke nan yana jin zafi, ya ɓoye don kada a ajiye shi a benci. Kocin ya ce a ɗora ƙanƙara zai wuce. Ranar Asabar akwai wasa. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya faɗa mini abin da ya gani.

Wata uwa, daga Greensboro

Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ya taɓa ƙwallo ranar Asabar. Ka kai shi likita tukuna. Nawa yana da shekara 13 lokacin da abin ya same mu, kuma wuri ɗaya ne da wanda ka kwatanta. Mu ma ƙanƙara muka yi ta ɗorawa, har da man zafi, sai da ya kai ba ya iya miƙe hannun sosai.

Likitan ya ɗauki hoton hannayen biyu ya jera mana su. A bakin ƙashin yaro akwai wani layi na guringuntsi inda ƙashin ke ƙara tsawo, bai gama ƙwari ba sai ya balaga. Duk jifa ɗaya jijiya da tsoka suna fizgar wurin nan. A hannun hagu layin siriri ne, a na dama ya buɗe, ko ni da ban san aikin ba na gani da idona. Ya hana shi jifa sati shida, bayan nan kuma aka fara da kusa-kusa, a hankali. Ya tambaye ni jifa nawa yaron ya yi a watan, na rasa amsa, ni da nake kai shi kowane wasa. Tun ranar nake yawo da ɗan littafi a jaka. Duk jifa na ja layi, ko a wace ƙungiya ce.

Mai horar da yara, daga Columbus

Hajiya ta taɓo ainihin wurin. Shekara shida ina horar da yara a Little League, wato hukumar gasar besbol ta yara, kuma tun 2007 akwai dokar ƙidayar jifa a can. Ɗan shekara 9 zuwa 10 ba ya wuce 75 a rana, ɗan 11 zuwa 12 ba ya wuce 85. Hutu ma a rubuce yake ga 'yan 14 zuwa ƙasa: jifa 21 zuwa 35 kwana ɗaya, 36 zuwa 50 kwana biyu, 51 zuwa 65 kwana uku, 66 zuwa sama kwana huɗu. Wanda ya yi jifa 41 ko fiye ba a mayar da shi mai cafe ƙwallo a ranar, domin shi ma mai cafewa mayar da ƙwallon yake yi duk bayan jifa.

Amma Alhaji, takardar da ke hannuna wasana kaɗai take ƙidayawa. Yaro ya yi mini 70 ranar Alhamis, ya je wata ƙungiya ya yi 60 ranar Asabar, kowane koci zai ce bai karya doka ba, hannun kuwa guda ɗaya ne. Jifan ɗumama jiki ma ba ya shiga lissafi, haka wanda yake yi da bango a gida. Kai kaɗai ne kake ganin duka.

Na taɓa barin wani yaro ya ƙarasa zagaye, wato kashi ɗaya na wasan, don saura mai bugu ɗaya a fitar, alhali na ga alamun: gwiwar hannun ta sauko, ƙwallo na tashi sama, yana ɗaukar lokaci tsakanin jifa da jifa yana yarfa hannu. Sati uku bai dawo ba, kuma har yau abin na damuna. Yanzu da na ga haka nake karɓe ƙwallon, ko ƙidayar tana 40. Cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa ta ASMI da ke Birmingham a jihar Alabama ta bi yara 481 tsawon shekara goma, ta fitar da sakamako a 2011: waɗanda suka yi jifa a zagaye fiye da 100 a shekara sun fi sauran samun mummunan rauni ninki uku da rabi. Shi ya sa tsarin shawarwarin kare hannun yara masu jifa na Pitch Smart na 2014 ya ce a huta da jifan gasa wata huɗu a shekara, biyu zuwa uku daga ciki a jere ba jifa kwata-kwata.

Wani matashi, daga Houston

Kawu, ni aka yi wa aikin tiyatar gwiwar hannu da ake kira Tommy John ina shekara 18. A garinmu ba sanyin da ke tsayar da wasa, don haka tun ina 11 ban taɓa hutun wata biyu a jere ba. Da na shiga sakandare kuma sai na'urar auna gudun ƙwallo ta shiga raina, duk jifa sai na waiga in ga lamba. Rana ɗaya na ji wani abu ya yi ɗas a gwiwar hannuna, yatsuna biyu na ƙarshe suka yi sanyi.

An ciro jijiya daga damtsena na ƙasa, aka huda ƙashi aka ɗaura ta a madadin wadda ta tsinke. Dakta Frank Jobe ne ya fara yin aikin a 1974 a kan Tommy John, mai jifa na ƙungiyar Dodgers, wanda ya dawo ya ci gaba da wasa har 1989. Labarinsa ake ba iyaye, har wasu na zaton aikin ƙara gudu yake yi. Ba ya ƙarawa. Ni wata goma sha huɗu na yi kafin in sake tsayawa a wasa, mahaifiyata ce ke sa mini riga a makonnin farko, kuma gudun da nake da shi da bai dawo ba. Kada ka yi wa ƙanena faɗan ɓoyewar, ni ma na ɓoye. Ka nuna masa faɗin ciwo ba zai ja masa fushinka ba.

Wani ɗalibi, daga Osaka

A nan Japan watan Agusta na gasar besbol ta makarantun sakandare ne a filin Koshien, kowane shago talabijin na kai. A 1998 Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa ɗaya mai zagaye 17, har yau ana ba da labarin da alfahari. A 2019 kocin makarantar Ofunato ya ƙi saka mai jifansa Roki Sasaki a wasan ƙarshe na yankin Iwate don kare hannunsa, aka ci su 12 da 2, jama'a suka yi masa ca. Daga 2020 aka sa iyakar jifa 500 a mako. Wani abokin karatuna da ya yi jifa a sakandare ba ya iya taɓa kafaɗarsa ta dama da yatsun hannun, ya gwada a gabana.

Wani uba, daga Toronto

Ƙari ɗaya. Nawa ba yawan jifa ne ya ji masa ba, gaggawa ce. Ya huta duk lokacin sanyi, dusar ƙanƙara na narkewa ya hau jifa da iya ƙarfinsa, kafaɗa ta kama. Bana sati shida muka ɗauka: jifa mai sauƙi daga kusa, muna ƙara tazara kaɗan-kaɗan, da atisayen robar ja don kafaɗa, da tsugunno da gudu, tunda ƙarfin jifa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa. Idan likita ya sallame ku, kada ku koma kai tsaye kan wasa.

Uban da ya fara magana

Allah ya saka muku da alheri, Hajiya da Malam da ɗana na Houston da sauran 'yan'uwa. Bai yi wasan Asabar ba. Na karɓi takardun kocin biyu na haɗa: 74 ranar Talata, 58 ranar Asabar, sannan ya yi cafe zagaye huɗu ranar Lahadi, haka kusan sati biyar. Jiya muka ga likita, ya ce wurin ya kumbura amma ƙashin bai rabu ba, ba jifa sai ya sake duba shi bayan wata ɗaya. Na gaya wa ƙungiya ta biyun mun janye na bana. Yaron ya yi kuka a mota, na bar shi ya yi, sannan muka tsaya a shago na ce ya zaɓi littafin ƙidayar da kansa.