Akwatin Gwaji Ne Zai Ce Ban Iya Tiyata Ba?

Ɗan Tiyata: Salamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Shekara 4 ina shiga tiyata, afendis ɗin da na cire ba su ƙirguwa, amma jiya a wurin wani horo aka kayar da ni don na wuce lokaci wajen kwashe 'yan robobi 6 daga wannan tsinke zuwa wancan a cikin akwati. Wa ya tabbatar gwajin nan yana auna iya aiki? Wasan yara ne.

Oga: Su wane ne yaran? Gwajin FLS ne, na auna iya tiyatar da ake yi da kyamara ta ƙananan huda a ciki, tushensa jami'ar McGill ta Kanada, kuma tun 2009 hukumar likitocin tiyata ta Amurka ba ta ba da takardar ƙwarewa sai an ci shi.

Ɗan Tiyata: Ranka ya daɗe, ba da kai nake ba.

Oga: Ni na riƙe agogon irin wannan gwaji sau da dama. Ka ce mini yaro ke nan.

Sista: Mu da muke miƙa almakashi mun fi kowa sanin mai hannu. Wani ɗaurin zare ɗaya sai ya maimaita sau uku.

Auta: A 2013 a jihar Mishigan an ba likitoci bidiyon abokan aikinsu 20 suka ba su maki. Marasa lafiyar likitocin da makinsu ke ƙasa sun samu matsala kashi 14.5 cikin ɗari, na sama 5.2. Sai dai wannan aikin gaske ne a cikin mutum, ba akwati ba.

Oga: Auta, bari manya su gama. Tarbiyya muke magana.

Ɗan Barno: Shi ya sa na zaɓi jarrabawar ƙwarewa ta West African, kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, can a gaban majiyyaci ake gane ka.

Ɗan Tiyata: Mu 'yan National, kwalejin ƙwarewa ta Najeriya, a gaban wa ake gane mu? Janye maganar nan.

Ɗan Barno: Ba zan janye ba.

Sista: Haba likitoci, ku ji tsoron Allah.

Admin: Na rufe nan. Abin da aka cimma: gwajin ingantacce ne tunda Amurka ta karɓe shi, Oga ya yi bayani mai gamsarwa. Ɗan Tiyata ya ba shi haƙuri, ya koma akwati ya ƙara atisaye.